Sai Bayan Biki, Yaya

Haƙori ɗaya ne tak. Turmi ne na can ƙurya, a ƙasa ta hagu, ya yi kogo ya yi baƙi, kuma duk wanda ya taɓa ciwon haƙori ya san irin wannan ba ya barin mutum ya zauna lafiya. Abin takaicin shi ne, mai haƙorin nan, Gwaggo Tani, a gidan likitan haƙori take zaune. Dakta Falalu ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, asibitinsa kuma yana nan a gaban gidan, a Nassarawa GRA, inda manyan Kano suke ajiye motocinsu a inuwar darbejiya su shiga a wanke musu baki. Daga ɗakinta na boskwata zuwa kujerar da ake cire haƙori, ko mayafi ba sai ta yafa ba.

Sai dai ciwon bai iya zaɓen lokaci ba. Ya taso ne ana shirin bikin Najla, 'yar Dakta ta fari, wadda za ta auri ɗan wani ɗan majalisa. Shekarun ne da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, 'yan siyasa kuma suka dawo da ƙarfinsu, kowane babban gida yana so a ga addininsa a kuma ga arzikinsa. Hajiya Sakinatu, matar Dakta, ta riga ta rantse cewa garar 'yarta ba za a sayo ta a hannun masu sana'a ba. A gida za a yi, alkaki da nakiya da dubulan, don a dangi kaf babu mai hannun Gwaggo Tani. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan nan, murhun baya ya zama nata, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta gaji.

Ta yi ta daurewa. Ta cusa kanumfari a kogon, ta kuskure da ruwan gishiri, ta ɗaure kai da kallabi tamau. Da abin ya fi ƙarfinta, sai ta yi sammako kafin marasa lafiya su zo, ta tsaya a ƙofar asibitin tana sallama kamar baƙuwa.

"A'a, Yaya, lafiya? Shigo mana," in ji Dakta.

Lai'atu, ma'aikaciyar jinyar da take taimaka masa, 'yar Wusasa, ta riƙe mata hannu ta hau kujerar. Ya kunna fitila, ya sa ɗan madubi, ya ƙwanƙwasa haƙorin. Gwaggo ta zabura har sai da takalminta ya faɗi.

"Kai, Yaya, me ya sa kika bari ya kai haka? Wannan ai ya gama. Cirewa ne kawai."

"To a cire, Dakta. Wallahi na gaji." Ita ma Dakta take ce masa yanzu, kamar kowa, ita da ta goya shi.

Ya fara sa safar hannu ke nan sai ga Hajiya Sakinatu ta turo ƙofa, ta biyo sawu tana neman mukullin sito. Ta ji kalmar cirewa, ta tsaya cak.

"Cirewa? Yanzu? Haba Dakta, kai da bakinka kake gaya wa mutane in an cire haƙori a huta, kar a zauna gaban wuta, kar a yi aikin wahala. Alkama tana can an kwaɓa ta tashi. Wa zai soya? Ni?" Ta juyo wajen Gwaggo, murya ta yi laushi. "Yaya Tani, 'yarki ce fa. Ke kika yaye ta. In garar nan ta lalace, wa za a zaga?"

Dakta ya tsaya da safa a hannu ɗaya. Ya dubi matarsa, ya dubi yayarsa, sannan ya dubi tiren da ke gefensa. Ai kuwa sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci mafita.

"Ba damuwa. Akwai allurar da muke yi kafin cirewa, lidoken. Tana kashe wurin murus. In yi miki ita ki samu sauƙi ki yi aikinki, haƙorin kuma sai bayan biki, Yaya. Ni da kaina zan cire, ki kwanta ki huta abinki."

Lai'atu ta ɗauko 'yar siririyar kwalba, ba ta kai tsawon yatsa ba, ta ɗura a sirinjin ƙarfe ta miƙa masa. Allurar ta shiga can ƙuryar dasashi. Gwaggo ta runtse ido tana salati a zuci. Can sai ta ji zugin nan da ya hana ta ci ya hana ta sha yana janyewa, yana janyewa, har ya ɗauke ɗif. Leɓenta na ƙasa ya yi nauyi, rabin harshenta ya zama kamar ba nata ba, amma ciwo babu. Hawaye ya zubo mata don daɗi.

"Allah ya yi maka albarka, Dakta. Allah ya jiƙan mahaifa," ta ce, maganar tana fita a karkace.

Kai jama'a! Har albarka ta sa masa. Ta sauko daga kujerar ta nufi murhu da sauri, don mai ya riga ya yi zafi.

Ranar ta soya alkaki har ya cika daro. Matan da aka ɗauko su taya ta suna naɗawa, ita tana gaban kasko da matsami, tana tsamewa tana jefawa a ruwan suga. Ana kiran azahar leɓen ya fara farfaɗowa, kafin la'asar ciwon ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Ya hau kunne, ya hau ido, ya sauka wuya. Ba wanda ya gaya mata allurar aron 'yan awoyi ce. Ta jingina da bangon kicin ta riƙe kunci, matan suka ce sannu, suka ci gaba da hirarsu ta ankon biki.

Washegari ta koma. Wanshekare ma haka. Abin ya zama kamar karin kumallo: ta yi sallar asuba, ta hura wuta, ta je ta buɗe baki a soka mata, ta dawo gaban kasko. Dakta ya ba ta wasu ƙwayoyi masu ja da rawaya ya ce za su kashe ƙwayar cutar, amma da ta sha sai suka ɓata mata ciki. Hajiya ta ga tana ta zarya tsakanin murhu da banɗaki, wani kaskon dubulan har ya ƙone.

"Yaya Tani, ki ɗan dakata da maganin nan mana. Ai allurar ta wadatar. Ba kyau mai abincin biki tana wannan sintirin, mutane suna gani."

Ta dakata. Dakta bai sake tambayar ƙwayoyin ba, ita ma ba ta tayar da zancen ba.

Ita kuwa Gwaggo, duk gwanintarta a harshe take. Ba ta san awo ba. Ɗan ɗanɗano take yi ta san suga ya ƙulla ko da saura, ta san tsamiya ta ji, ta san nakiya tana neman ƙarin masoro. Yanzu harshen rabi ne. Wata safiya ta ɗebo ruwan suga a ludayi yana tafasa, ta kai baki kamar yadda ta saba, ta tsaya tana jiran ɗanɗano. Ba ta ji komai ba, sai ta ƙara. Sai da wata daga cikin matan ta yi ihu.

"Gwaggo! Leɓenki!"

Fatar leɓen ta yi fari ta saɓule. Ba ta ji ba. Haka ma cikin kuncinta, ta tauna shi ya yi kaca-kaca wajen ƙoƙarin cin ɗan tuwo, ba ta sani ba sai da ta tofar ta ga jini. Idan allurar ta sake ta da yamma, sai duk su taso mata tare, haƙori da ƙuna da cizo.

Najla ta shigo baya wata rana da ƙawayenta, hannu duk lalle, suna son su ɗanɗana dubulan. Ta rungumo Gwaggo ta baya kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

"Gwaggona ta kaina! Wallahi ƙamshin har ɗakina." Ta leƙo fuskarta, sai ta ƙyalƙyale da dariya. "Laa, Gwaggo, yawu! Kwaɗayin dubulan ɗin ne ya kama ki ke ma?"

Gwaggo ta kai hannu haɓa, ta ji jiƙe. Yawu ne yake dalala ta gefen da ya mutu har kan rigarta, ita ba labari. Ƙawayen suka kau da kai suna danne dariya. Mace mai shekara sittin da wani abu, mai tsafta, wadda ko ruwa ba ta sha a tsaye a gaban yara. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ba mugunta Najla ta yi ba, yarinta ce da ɗokin aure, amma daga ranar Gwaggo ta riƙa naɗe bakinta da gefen mayafi ko a gaban wuta.

Mayafin ya rufe wani abu kuma. Kuncin ya fara tasowa. Da fari kamar ta ƙunsa goro, sannan ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙi ya yi tauri, ya yi zafi rau. Zazzaɓi yana zuwa da yamma, ta yi ta rawar ɗari a gaban murhu, a watan da kowa yake neman fanka. Bakinta ya fara wani wari da ita kanta take ji.

Allurar ma sai ta fara yi mata gardama. Dakta ya soka, suka jira, ciwon ya ɗan lafa kawai bai tafi ba.

"Wurin ya mutu?" ya tambaya, idonsa a kan agogo. Yana da baƙi daga gidan surukai.

Ta girgiza kai.

"Lai'atu, ƙaro ɗaya."

Lai'atu ta ce, "Dakta, kumburin nan fa ya sauko wuya."

"Na gani. Ni ma ina da ido. Ƙaro."

Ta ƙaro. Ta biyun tana shiga, zuciyar Gwaggo ta hau bugu fat-fat-fat, fitilar da ke kanta ta rabu biyu. Ta kama hannun kujerar. Da ta ɗan dawo daidai, ta tattaro duk ƙarfin halinta. Ba ta saba roƙo ba, a gidan nan ko sabulu ba ta tambaya sai an ba ta.

"Dakta, don girman Allah ka cire shi yau. Alkaki na gama, dubulan na gama. Nakiya ce ta rage, matan nan za su iya. Jikina yana gaya mini wani abu."

Ya cire safa ya jefa a kwando, ya yi 'yar dariya irin wadda yake yi wa yara masu tsoron allura.

"Yaya ke nan, raki. Kwalba biyu fa na sa miki. Kuma yanzu ai ba ya ciruwa, ya kumbura. Sai ya saɓe tukuna. Ki yi haƙuri, kwana nawa ya rage? Da an kai amarya ke ce ta farko a kujerar nan."

Kun ji fa. Jiya ba a cirewa saboda aiki, yau ba a cirewa saboda kumburi. Kumburin kuma wa ya kawo shi? Gwaggo ba ta yi karatun boko ba, amma wannan lissafin ba ya bukatar makaranta. Ta dube shi, shi kuma yana wanke hannu ya ba ta baya.

Lai'atu ta rako ta har bakin ƙofa, ta rage murya. "Mama, ki samu ki je babban asibiti. Ko a tasi ne. Kar ki ce ni na gaya miki."

"Ke ba za ki sake yi masa magana ba, 'yar nan?"

Lai'atu ta sunkuyar da kai. "Mama, yara uku gare ni a Kawaji, babansu ba aiki. In na matsa, gobe wata ce a wurin nan."

Gwaggo ba ta ga laifinta ba. Amma ta je wani asibiti ta ce me? Ta ce ita yayar Dakta Falalu ce, likitan haƙorin da duk Kano ta sani, ta zo a duba mata haƙori? Ai ta tona masa asiri ke nan ana tsakar bikin 'yarsa. Ta koma ta zauna gaban tukunyar nakiya, ta kama muciya da hannu biyu.

Biki ya kankama. Aka kafa rumfuna a kan ciyawar gaban gida, motoci suka cika layin har kwana. Saboda zamani ne na shari'a, Dakta ya ce ba kiɗa a gidansa, walima za a yi da wa'azi. Dinar kuwa an kama otal a nan cikin GRA, can za a yi abin da za a yi a rufe ƙofa. Abincin walima kuma, shinkafa da miya da funkaso da farfesu na ɗaruruwan mata, duk ya faɗo kan murhun baya, don Hajiya ta ce tunda gara ta kammala ai Yaya Tani ta samu sarari.

Safiyar walima Gwaggo ta fito da atamfar anko, ta ɗaura da kyar. Haɗiyar yawu ta zama aiki. Ruwa ma sai ta ɗaga kai ta ɗiga kaɗan-kaɗan. Harshenta ya kumbura ya tokare sama, muryarta ta koma can ciki. Duk da haka tana so ta zauna cikin dangi ko na ɗan lokaci, a ce ga gwaggon amarya. Hajiya ta tare ta a ƙofar kicin, cikin leshi da gwala-gwalai, ta ɗan ja baya da ta matso.

"Yaya Tani, da kin zauna a nan baya kin huta. Kin ga fuskar nan, kar dangin ango su ɗauka wata cuta ce a gidan. Kin san mutane da baki. Kuma ga warin, ba don komai ba. Zan sa a kawo miki naki."

"To," in ji Gwaggo. Iyakar abin da bakin ya iya ke nan.

Hutun kuwa shi ne zuba abinci a kuloli. Tana zaune a kan kujerar tsugunno tana nuna wa mata da hannu, lasifika tana kawo mata muryar malamar da aka gayyato. Malama ta yi magana mai kyau, ba a ce ba. Ta ja ayoyi a kan zumunci, ta faɗi haƙƙin ɗan'uwa a kan ɗan'uwansa, ta yabi gidan da yake riƙe gwauraye da marayu, mata suna ta kabbara. Gwaggo ta ji an ambaci sunan Dakta da Hajiya a cikin addu'a, ta ɗaga hannu ita ma ta shafa. Daga baya aka shigo da dangin ango ɗakin da aka jere gara, ta jiyo su ta taga suna santi.

"Wannan alkakin a ina aka saya? Kai, rabon da mu ga irinsa!"

"A gida muka yi," in ji Hajiya.

Da yamma, kafin a fita da amarya, Najla ta tuna da ita. Ta zo baya lulluɓe da lafaya, ƙawaye biyu suna riƙe da ita, tana kuka. Ta durƙusa a gaban Gwaggo. Tun da aka sa ranar auren nan Gwaggo take tanadin abin da za ta gaya mata, maganganun da tata uwar ta gaya mata, da waɗanda zaman duniya ya koya mata. Ta buɗe baki, bakin ya ƙi. Haƙoran suka rabu kaɗan suka tsaya. Abin da ya fito wani gurnani ne da yawu. Ta ɗora hannu a kan yarinyar, hawaye yana bin kumburin.

"Gwaggo ma kuka ya hana ta magana," in ji ɗaya ƙawar. "Taso, motoci suna jira."

Najla ta tashi ta tafi, ba ta ɗaga lulluɓinta ta ga fuskar ba.

To, an kai amarya. Biki ya ƙare ke nan? Ina! Washegari Gwaggo ta lallaɓa bakin asibiti tana dafa bango, ta tarar a rufe. Lawan direba ya ce Dakta ya tafi raka baƙin Abuja filin jirgi, daga can kuma zai wuce gaisuwar surukai. Da ya dawo ya aiko mata da saƙo ta bakin Hajiya: ya gaji likis, hannunsa ma rawa yake, ba zai taɓa bakin mutum a haka ba, kuma ai ga buɗar kai ga kai gara, a bari a sauke su gaba ɗaya hankali ya kwanta. Hajiya ta ƙara nata, cewa daruka da bokitan gara suna bukatar wanda ya san yadda ake jera su a mota kar alkaki ya farfashe. Gwaggo ta zauna a ƙasa a bakin sito tana nuni da yatsa. Kwanciya ma ta gagare ta, da ta miƙe sai numfashi ya toshe, sai dai ta jingina da bango a zaune.

Ranar da motocin gara suka dawo wayam, Dakta ya tashi da nishaɗi. Surukai sun yaba, ɗan majalisa da kansa ya kira shi a waya. Ya sa farar rigarsa ya ce wa Lai'atu, "Je ki kira mini Yaya. Yau dai a rabu da haƙorin nan, na cika alkawari."

Lai'atu da Lawan ne suka riƙo ta. Da aka zaunar da ita a kujerar, Lai'atu ta warware mayafin. Dakta ya juyo da murmushinsa, sai murmushin ya tsaya a inda yake. Wuyan ya kumbura daga kunne zuwa kunne, ya haɗe da haɓa, fatar ta yi sheƙi. Idanun sun faɗa. Kowane numfashi da ƙara yake shiga.

"Yaya, buɗe bakin."

Ta yi ƙoƙari. Ko yatsa ba zai shiga ba.

"Buɗe mana, Yaya. Daure."

Ya taɓa wuyan, ya ji shi kamar katako. Gumi ya karyo masa. Ya san abin da yake gani, ya karanta shi, ya sha faɗa wa ɗalibai cewa mugunyar haƙori in ta sauka wuya tana shaƙe mutum. Cikin ruɗewa hannunsa ya tafi inda ya saba tafiya, ya ɗauko sirinjin ƙarfen nan daga tire. Gwaggo ta gani. Ta ɗago hannunta, hannun da duk ƙunar mai ta yi wa tabo, ta kama wuyan hannunsa ta riƙe. Ba ƙarfi a riƙon, amma ya kasa motsi. Ta tsakanin haƙora maganar ta fito, a daƙile, sai da ya sunkuyo.

"Falalu. Bar mini abina. In ji shi."

Rabon da ta kira sunansa tun yana ɗan makaranta. Sirinjin ya faɗi a kan tire.

"Lawan! Mota! Fito da mota!"

Daga nan kuma sai gudu. Mota ta fita da gudu, waya ta yi ta aiki, aka taso manyan likitoci abokansa, aka shiga da ita ɗakin tiyata a babban asibiti ba tare da bin layi ba. Duk abin da ake yi wa 'yar'uwar babban mutum an yi mata a ranar. Aka huda maƙogwaro aka sa roba, aka tsaga wuya aka zubar da mugunya, aka ɗaura ruwa da magunguna masu tsada. Amma cutar ta riga ta shiga jini ta sauka ƙirji. Gwaggo Tani ba ta sake magana ba. Washegari da hantsi ta cika.

Rumfunan biki ba a riga an kwashe ba, sai aka bar su don zaman makoki. Kujerun ma su ne. Manyan gari suka yi ta zuwa, har da ɗan majalisa da tawagarsa. Dakta yana zaune a kan darduma ido jawur, kuma ba zan ce kukan ƙarya yake ba, yayarsa ce. Sai dai ku ji abin da yake faɗa wa duk wanda ya tambayi me ya same ta.

"Ɗan ciwon haƙori ne, sai ya zo da ajali. Kun san mutanen da, ba sa faɗar ciwo sai ya ci ƙarfinsu. Amma alhamdu lillahi ba ta sha wahala ba. Kullum da hannuna nake yi mata allura."

"Allahu akbar. Allah ya saka maka da alheri, Dakta. Ka yi zumunci."

A cikin gida Hajiya tana share hawaye da gefen mayafi tana gaya wa mata yadda suka yi fama da marigayiya ta huta ta ƙi. "Kun san Yaya Tani da aiki. In ce ta zauna, ta ce ita bikin 'yarta ne." Mata suka gyaɗa kai, suka ce halinta ne, Allah ya sa ta huta. Da baƙi suka yi yawa abin taɓawa ya ƙare, Hajiya ta tuna akwai ragowar alkaki a sito, ta sa aka fito da shi a faranti. Aka ci, aka yi santi a hankali saboda makoki ne, wata ma ta ƙunsa a jaka za ta kai wa yara.

Ba wanda ya yi ƙarya tsagwaronta a gidan nan, shi ya sa abin ya fi ciwo. An yi mata allura, gaskiya ne. Ta yi aiki da hannunta, gaskiya ne. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu, kowa Yaya yake ce mata. Kukan da jikinta yake yi kawai aka riƙa toshewa kowace safiya don kar ya hana suya, har aka gama suyar. Aikin da zai cece ta bai kai a tafasa ruwan shayi ba, kayan aikin suna nan a tire, mai aikin kuma nononsu ɗaya.

Bayan addu'ar bakwai asibiti ya buɗe. Motoci suka dawo inuwar darbejiya, Lai'atu ta jera 'yan kwalaben lidoken a tire kamar kullum, Dakta ya sa safa. Hajiya kuma ta fara cigiyar mai aiki wadda ta iya girki, don murhun baya ya kwana biyu ba wuta.

Haƙorin kuwa ba a cire ba. Da shi aka binne ta.